Salansar Bindigar Farauta: Yadda Ake Zaɓenta da Mallakarta Bisa Doka a Amurka

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da babur ɗin da salansarsa ta ɓalle ya san aikin da wannan ɗan bututun yake yi. Injin yana nan yadda yake, man da ake ƙonawa bai ƙaru ba, amma ƙarar ta isa ta tashi unguwa guda daga barci. Salansar bindiga ma aikinta ke nan, kuma dangantakarsu ta wuce kamanni, domin Ba'amurken da ya sami takardar mallakar fasahar salansar bindiga a shekarar 1909, wato Hiram Percy Maxim, kamfaninsa ya ci gaba da ƙera salansar injuna daga baya. Mahaifinsa kuwa shi ne ya ƙirƙiro bindigar Maxim, bindiga mai ruwa da Turawan Ingila suka zo da ita Kano da Sakkwato a 1903.

Wannan jagora ta tsaya ne a kan Amurka, saboda a can ne maharbi yake iya mallakar salansa a mafi yawan jihohi amma sai ya bi ta wata doguwar hanya ta takardu, kuma a can ne kuskure ɗaya a takardun yake iya kai mutum gidan yari har shekara goma.

Abin da take yi da abin da ba ta yi

Idan aka ja kunama, albarushin da ke cikin kwanso yana ƙonewa ya zama iska mai tsananin zafi da matsi, ita ce take tura harsashi ta cikin bututun bindiga. Da harsashin ya fita, iskar nan sai ta fashe a sarari lokaci guda, wannan fashewar ita ce mafi yawan ƙarar da ake ji. Salansa gwangwani ce ta ƙarfe da ake ɗaurawa a bakin bindiga, an raba cikinta ɗaki-ɗaki da faya-fayan ƙarfe masu huda a tsakiya. Harsashi yana wucewa ta hudar ba tare da ya taɓa komai ba, iskar kuma tana tsayawa a ɗakunan, ta buɗe, ta huce, ta fito a hankali.

Bindigar farautar barewa, irin mai harsashin .308 (lambar tana nuna kaurin harsashin a ma'aunin inci), tana fitar da ƙarar da ta kai desibel 160 zuwa 170, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara. Hukumomin kula da lafiyar ma'aikata a Amurka sun sa desibel 140 a matsayin iyakar da bai kamata ƙarar farat ɗaya ta wuce ba, domin daga nan harbi guda yana iya yi wa kunne illar da ba ta warkewa. Salansa mai kyau tana rage desibel 20 zuwa 35, wato tana sauko da ƙarar zuwa daidai wannan iyakar ko ƙasa da ita kaɗan. Har yanzu ƙara ce mai ƙarfi, wanda ke nesa da kai zai ji ta ya kuma gane bindiga ce. Ban da haka, harsashin farauta ya fi sauti gudu, kuma duk abin da ya wuce kusan mita 343 a daƙiƙa yana yin ƙarar tsaga iska kamar bulala, wadda babu salansar da take taɓa ta, tunda a waje take faruwa. Wanda ya shiga shago yana neman ɗan fis ɗin da yake ji a fim zai dawo da ɓacin rai.

Amfanin da maharbi yake samu a zahiri guda uku ne. Na farko shi ne kunnensa da na karensa da na yaron da yake koya wa farauta. A filin gwajin harbi kowa yana toshe kunne, amma a daji maharbi yana bukatar ya ji karyewar kirare da takun dabba a kan busasshen ganye, don haka yawanci matoshin kunnen yana rataye a wuya lokacin da barewa ta ɓullo, ba kuma wanda yake tsayawa gyara shi a wannan daƙiƙar. Tsofaffin maharba da yawa suna fama da kuwwa a kunne, musamman kunnen hagu ga mai harbi da kafaɗar dama, domin shi ne yake fuskantar bakin bindiga. Na biyu, tana rage dukan da gindin bindiga yake yi wa kafaɗa, wanda hakan ke hana mutum runtse ido da fizgar kunama, sai harbinsa ya fi zama daidai, dabba ta faɗi nan take maimakon ta gudu da rauni. Na uku, tana rage damun maƙwabta da dabbobin gona.

Mataki na ɗaya: ka san dokar jiharka kafin ka duba farashi

A Amurka doka hawa biyu ce, ta tarayya da ta jiha, kuma dole ka gamsar da kowace. Jihohi 42 sun yarda farar hula ya mallaki salansa. Takwas da suka hana su ne Kalifoniya, Delaware, Hawaii, Illinois, Massachusetts, New Jersey, New York da Rhode Island, haka kuma birnin tarayya Washington ya hana. Idan kana zaune a ɗaya daga cikinsu magana ta ƙare, babu takardar tarayya da za ta halatta maka ita.

Mallaka daban, farauta da ita daban. A jihar Connecticut mutum yana iya saye ya je da ita filin gwajin harbi, amma ba zai yi farauta da ita ba. A sauran jihohin ma, hukumar kula da namun daji ta kowace jiha tana fitar da littafin ƙa'idojin farauta duk shekara, kuma a nan ne za ka ga irin dabbar da aka yarda a harba, da lokacinta, da irin bindigar da aka amince da ita a kowane yanki. Ka karanta na shekarar da kake ciki, kada ka dogara da abin da abokinka ya tuna daga bara.

Wannan tsanani ba haka yake a ko'ina ba. A Norway da Finland da New Zealand salansa kayan aikin maharbi ce kamar takalmin daji, Faransa ta halatta farauta da ita a 2018, Jamus ta sauƙaƙa wa masu lasisin farauta a 2020, a Birtaniya kuma masu farautar barewa sun daɗe suna amfani da ita. Kanada kuwa ta haramta ta ga farar hula gaba ɗaya.

Mataki na biyu: ka tabbatar kana cikin waɗanda doka ta yarda wa

Dokar tarayya da take kula da salansa ita ce dokar bindigogi ta 1934, wadda aka yi a zamanin da gungun 'yan fashi da masu fataucin giya suka addabi biranen Amurka. Ta ɗora harajin dala 200 a kan kowace salansa, a lokacin da ita kanta salansar ba ta kai dala goma ba, don haka a aikace ta rufe kasuwar na tsawon shekaru masu yawa. Harajin ya zauna a dala 200 har shekara casa'in da ɗoriya, sai dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta mayar da shi sifili daga 1 ga Janairun 2026. A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, suna zaton tunda an cire kuɗin an cire rajistar. Rajistar tana nan daram a hannun hukumar ATF, mai kula da harkar barasa da taba da bindigogi da abubuwan fashewa, kuma ba ka da ikon ɗaukar salansa daga shago sai ta amince a rubuce.

Don saye daga dillali mai lasisi sai ka cika shekara 21, kana zaune a jihar da ta halatta, kuma ba ka cikin waɗanda aka hana riƙe bindiga: wanda aka taɓa yanke wa hukunci a kan babban laifi, wanda aka samu da laifin dukan iyali, mai ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, wanda kotu ta tabbatar yana da taɓin hankali, da wanda yake zaune a ƙasar ba bisa ƙa'ida ba. Baƙon da ke da takardar zaman dindindin, wadda ake kira koren kati, yana da damar saye kamar ɗan ƙasa. Wanda yake kan bizar karatu ko ta aiki ko ta ziyara kuwa matsayinsa daban ne, domin asalin doka ta hana shi riƙe bindiga in ban da wasu 'yan togaciya, kuma wannan ba wurin yin gaban kai ba ne. Ya fara ganin lauya, tunda kuskure a nan yana iya cinye masa har zaman ƙasar.

Mataki na uku: ka fara da bindigar, ba da salansar ba

Mafi yawan nadamar da ake yi a wannan harka tana zuwa ne daga sayen salansa kafin a auna bindigar da za ta ɗauke ta. Abubuwa uku za ka duba.

Na farko kaurin harsashi. Hudar salansa dole ta fi harsashin faɗi. Salansar da aka yi wa harsasai masu kaurin .30 tana ɗaukar .308 da .30-06, tana kuma ɗaukar waɗanda ba su kai su kauri ba kamar .270 da 6.5 Creedmoor da .243 da .223, shi ya sa wanda yake da bindigogin farauta biyu ko uku yakan sayi ta .30 guda ɗaya ya riƙa sauya mata wuri. Akasin haka kuwa haɗari ne, harsashi mai kauri ta cikin ƙaramar huda zai farfasa salansar a gaban fuskarka. Kauri ma bai wadatar ba, domin .300 Winchester Magnum kaurinsa ɗaya da .308 amma albarushinsa ya fi yawa nesa ba kusa ba. Kowane kamfani yana rubuta harsashi mafi ƙarfi da salansarsa take jurewa, da kuma mafi gajartar bututun da za a iya ɗaura ta a kai. Ka karanta wannan layin sau biyu.

Na biyu tiredin bakin bindiga, wato zanen murɗawa irin na noti. A Amurka ƙananan harsasai kamar .22 da .223 sun fi zuwa da tiredin 1/2x28, wato faɗin rabin inci da zane 28 a kowane inci, masu kaurin .30 kuma 5/8x24. Bindigogin da aka ƙera a Turai sau da yawa ma'aunin milimita suke bi, kamar M14x1 da M15x1 da M18x1. Sababbin bindigogin farauta da yawa suna zuwa da tiredinsu an rufe shi da ɗan murfi. Idan taka tsohuwa ce ba ta da shi, sai ka kai ta wurin makanikin bindiga ya yanka mata a kan injin. A nan kada ka nemi araha. Tiredin dole ya bi tsakiyar ramin bututun, ba tsakiyar bayansa ba, domin su biyun ba koyaushe suke daidaituwa ba, kuma karkatar da ido ba ya gani a bakin bindiga tana zama babba a ƙarshen salansa mai tsawon taƙi guda.

Na uku tsawon bututun. Bindiga mai bututu inci 24 idan aka ƙara mata salansa mai inci bakwai ta zama kamar gora, tana sarƙewa a reshe, ba ta shiga mota da sauƙi, nauyinta kuma ya koma gaba. Maharba da yawa sukan sa a rage bututun zuwa inci 18 ko 20 a lokacin yanka tiredin, abin da suke asara shi ne ɗan gudun harsashi, wanda ga mai harbin barewa a mita ɗari biyu bai taka kara ya karya ba. Sai dai akwai iyaka ta doka: doguwar bindigar da bututunta ya gaza inci 16 ta shiga wani rukuni na daban a ƙarƙashin wannan dokar ta 1934, tana bukatar tata rajistar tun kafin a sa mata zarto.

Mataki na huɗu: zaɓen salansar kanta

A ganina maharbi ya fara tambayar nauyi kafin ya tambayi desibel. Kamfanoni suna gasar lambobi, wannan ya ce tasa ta fi ta wancan da desibel biyu, alhali kowa da irin na'urar da ya auna da ita da kuma inda ya ajiye ta. Bambancin desibel biyu ba lallai kunnenka ya tantance shi a daji ba, amma bambancin giram ɗari biyu a can ƙarshen bututu hannunka zai sanar da kai bayan tafiyar awa huɗu a kan tudu.

Ƙarfen da aka yi ta da shi ne yake yanke wannan hukunci. Taitaniyam ba shi da nauyi kuma yana da ƙwari, shi ya sa mafi yawan salansar farauta a Amurka da shi ake yin su, nauyinsu yakan kama daga giram 250 zuwa 400. Alminiyam ya fi araha kuma ba shi da nauyi, ana yawan amfani da shi a Turai, amma ba ya son zafin harbi a jere. Ƙarfen da ba ya tsatsa da kuma gaurayen da ake kira Inconel suna jure wuta mai tsanani, an yi su ne don masu harba ɗaruruwan harsasai a zama ɗaya, kuma nauyinsu ya nuna haka. Maharbin da yake harbi ɗaya ko biyu a yini ba shi da dalilin ɗaukar wannan kaya.

Tsawo ciniki ne tsakanin shiru da sauƙin ɗauka. Mai inci biyar zuwa shida ta dace da mai kutsawa cikin kurmi, mai inci takwas zuwa tara ta fi rage ƙara kuma ta dace da mai zama wuri ɗaya yana jiran dabba. Akwai kuma irin da rabinta yake komawa baya ya lulluɓe bututun, ta yadda cikinta yana da faɗi amma abin da ta ƙara wa tsawon bindigar kaɗan ne.

Wajen ɗaurawa hanya biyu ce. Ko dai a murɗa ta kai tsaye a kan tiredin, ko a ɗaura wani ƙarfe na dindindin a bakin bindiga wanda salansar take maƙalewa a kansa da juyi ɗaya. Ga bindigar da ake ɗanawa da hannu bayan kowane harbi, wadda ita ce ta yawancin masu farautar barewa, murɗawa kai tsaye ta fi: ba nauyi, ba tsada, ba abin lalacewa. Hanya ta biyu tana da amfani ne ga mai sauya salansa ɗaya tsakanin bindigogi da yawa.

Akwai wani abu da ya shafi maharbi fiye da kowa. Harbin farko daga salansa mai sanyi ya fi na bayansa ƙara, saboda iskar oksijin da ke cikinta tana ƙara ƙona ragowar albarushin. Mai gwaji a fili ba ya damuwa da wannan, amma maharbi kusan duk harbinsa na farko ne. Idan shagon yana da filin gwaji, ka roƙa a harba maka ita tana da sanyi, kai kuma ka tsaya a bayan mai harbin, inda kunnenka zai kasance ranar farauta.

Mai farautar zomo da kurege da bindigar .22 ya sayi salansa ta daban wadda ake iya kwancewa. Wannan ƙaramin harsashi yana barin dalma da datti da yawa, kuma idan aka riƙa harba shi ta cikin babbar salansar da aka like ta da walda, dattin zai taru inda hannu ba ya kaiwa.

Game da kuɗi, farashi yana kamawa daga 'yan ɗaruruwan daloli zuwa sama da dubu. Ka tuna cewa sayar da ita daga baya yana da wuya, tunda mai saye ma sai ya bi duk hanyar takardun nan, don haka wadda ka saya ita za ka zauna da ita. Abin da kuma za ka guje wa kamar wuta shi ne gwangwanayen da ake tallatawa da araha a intanet da sunan matatar mai ko tarkon ruwan wanke bindiga. A dokar tarayya, ko wani ɓangare da aka yi shi don haɗa salansa ana ɗaukarsa salansa ne, kuma an gurfanar da mutane a kan irin waɗannan kayan.

Mataki na biyar: da sunanka ko da sunan amana

Kafin a cika fom sai ka yanke shawarar wanda zai zama mai ita a rajista. Idan ka sa sunanka kai kaɗai, takardun sun fi sauƙi kuma amincewa ta fi saurin fitowa, amma kai kaɗai ne doka ta yarda ka riƙe ta. Ɗan'uwanka yana iya harbawa da ita kana tsaye a wurin, amma ba zai are ta ya tafi daji da ita kana gida ba. Har ma ajiyarta sai ka yi tunani, domin idan matarka ko babban ɗanka suna da makullin akwatin da take ciki, ana iya cewa tana hannun wanda ba a yi wa rajista ba.

Hanya ta biyu ita ce takardar amana da lauya yake rubutawa, inda amanar ce take mallakar salansar, ana kuma lissafa amintattun da ke da ikon riƙe ta. Wannan ya dace da gidan da mutum biyu ko uku suke farauta, yana kuma sauƙaƙa maganar gado. Tun daga Yulin 2016 kowane amintacce sai ya ba da hotonsa da zanen yatsunsa an bincike shi, don haka yawan sunaye yana ƙara yawan aiki.

Mataki na shida: takardun

Ba kowane mai shagon bindiga ne yake da ikon sayar da salansa ba, sai wanda ke da lasisin tarayya kuma yake biyan harajin musamman na wannan rukunin kaya. Idan ka saya ta intanet daga wata jiha, ba gidanka za a fara kawo ta ba, za a tura ta zuwa dillali mai lasisi a jiharka da fom mai lamba 3, wanda tsakanin dillalan ne.

Naka shi ne fom mai lamba 4, wato neman izinin mayar da ita sunanka. Ka biya kuɗin salansar, dillali ya ware ta ya rubuta lambar jikinta, sannan ka buɗe asusu a shafin eForms na hukumar ATF. Za a ɗauki hotonka irin na fasfo da zanen yatsunka goma, ko a kan kati ko da na'urar da shaguna da yawa suke ajiyewa a gefen kanta, inda za ka riƙa mirgina yatsa ɗaya bayan ɗaya a kan gilashi har hoton ya fito sarai. Dillali zai cika nasa ɓangaren, kai kuma ka tabbatar da naka da lambar sirrinka. Kafin ka danna, ka ɗauki salansar a hannunka ka karanta lambar da aka zana a jikinta harafi bayan harafi, kana gwadawa da abin da ke kan allon kwamfuta, haka ma sunanka da adireshinka su zo daidai da yadda suke a lasisin tuƙinka. Wanda sunansa yake da rubutu iri biyu a takardunsa, yau Muhammad gobe Mohammed, ya kula da wannan ƙwarai. Ana kuma aika kwafi ga shugaban 'yan sandan yankinka. Kafin 2016 sai ya sa hannu, kuma da yawa sukan ƙi, amma yanzu sanarwa ce kawai.

Daga nan sai jira, salansar tana kulle a shagon. A da ana shafe wata takwas zuwa shekara guda, amma daga 2024 masu nema da sunan kansu ta intanet da yawa suna samun amsa cikin kwanaki. Idan amincewa ta fito, ka je shagon da katin shaidarka, ka cika fom mai lamba 4473 kamar na kowace bindiga, ka karɓi kayanka. Ka adana asalin takardar a gida, ka ajiye kwafi a jakar bindiga, ka kuma ɗauki hotonta a waya, domin idan jami'in gandun daji ya tsayar da kai, nuna takarda ya fi dogon bayani.

Mataki na bakwai: ɗaurawa da sake saiti

Ka cire harsasai, ka zare abin ɗanawa, ka leƙa da idonka ka tabbatar bindigar fanko ce. Ka goge tiredin da kafaɗar bututun da ke bayansa, domin a kan wannan kafaɗar salansa take zama ta miƙe, kuma ƙwayar yashi ɗaya tana iya karkatar da ita. Ka murɗa da hannu har ta zauna, ba tare da sa wani zoben ƙarfe mai lotsewa a tsakani ba. Sannan ka zura sandar gwajin daidaito, wato siririyar sanda miƙaƙƙiya da ta cika ramin bututun, har ta leƙo ta bakin salansar. Idan ka duba za ka ga zoben haske a kewayen sandar. In zoben ya yi daidai ta kowane gefe, madalla. In sandar ta jingina da gefe guda ko ta kusa taɓawa, kada ka harba ko sau ɗaya, ka koma wurin makaniki.

Nauyin da ka rataya a bakin bututu yana canza yadda yake girgiza, saboda haka inda harsashi yake sauka zai matsa, wani lokaci da inci ɗaya ko biyu a mita ɗari, wani lokaci fiye. Wannan ba aibi ba ne muddin matsawar iri ɗaya ce kullum. Ka je fili ka sake saita madubin hangenka da salansar a ɗaure, da irin harsashin da za ka yi farauta da shi, sannan ka kwance ta ka mayar ka sake harbawa don ka ga ko saitin ya tsaya. A filin nan ka ci gaba da toshe kunne, tunda harbi ashirin a bakin iyakar desibel 140 ba ɗaya ba ne da harbi guda a daji. Bayan harbi kaɗan salansa tana yin zafin da zai sale fata, tururin zafinta kuma yana sa abin da kake hange ya riƙa rawa a madubi, shi ya sa ake sa mata rigar yadi mai jure wuta. Ka riƙa duba ko ta saki, amma da safar hannu, kuma bindiga a sauke.

Za ka ji ana yabon harsashin da gudunsa bai kai na sauti ba, wanda ba ya ƙarar bulala. Gaskiya ne ya fi shiru, kuma a .22 ga ƙananan namun daji yana aiki sosai. Ga barewa kuwa ƙarfinsa ya ragu ƙwarai, yana faɗuwa da wuri, kuma idan ba irin da aka ƙera don ya buɗe a ƙaramin gudu ba ne, zai ratsa dabbar ya bar ta da rauni ta mutu a wahale a wani wuri. Ni dai ban ga hujjar sadaukar da kisa mai tsabta don neman ƙarin shiru ba.

Bayan farauta, da tafiya da ita

Da ka dawo gida ka kwance salansar daga bindigar, musamman ranar sanyi. Danshi yana taruwa a cikinta, kuma idan aka jingina bindigar baki sama da ita a ɗaure, ruwan da ya gauraya da ragowar albarushi yana gangarawa cikin bututun ya kawo tsatsa a daidai inda harsashi yake fita. Ka bar ta ta bushe a wuri mai iska, ka shafa ɗan man da ke hana maƙalewa a tiredin. Ta manyan harsasai ba ta cika bukatar wanki ba, ta .22 kuwa ana kwance ta a kankare bayan 'yan ɗaruruwan harbi, da safar hannu saboda dalma.

Zuwa farauta a wata jiha ba ya bukatar neman izini daga ATF, amma dole jihar da za ka ta halatta ta, kuma mai hankali yana duba jihohin da hanyarsa za ta ratsa. A jirgin sama ana sa ta cikin akwati mai tauri da kwaɗo, a bayyana ta a kantar kaya kamar yadda ake yi wa bindiga. Idan mai ita ya rasu, tana komawa ga magajin da doka ta yarda wa ta hanyar fom mai lamba 5, don haka yana da kyau iyali su san inda takardar take.

Fitar da ita daga Amurka kuwa magana ce daban. Salansa tana cikin jerin kayan yaƙi da Ma'aikatar Harkokin Waje take kula da fitarsu, kuma rajistar ATF ba ta ba ka ikon tsallaka iyaka da ita. Wanda ya cusa ta cikin kwantena ko cikin motar da yake aikawa gida a matsayin tsaraba ga ɗan'uwansa maharbi ya aikata babban laifi tun a tashar jirgin ruwan Amurka, sannan ga kwastam na jiransa a Legas ko Kwatano. A Najeriya dokar bindigogi ta 1959 ta sa ko bindigar toka ana iya hana riƙe ta sai da lasisi bisa umarnin kwamishinan 'yan sanda, mai baki biyu kuma sai da lasisin Sufeto Janar, kuma takardar da aka buga a Amurka ba ta da wani matsayi a gaban kotun Kano ko ta Damagaram.